Fata tana fita, takalmi yana shigowa: me ya sa masana ba su yi baki ɗaya ba?

Kano tana tura fata zuwa Italiya da Sifen da Caina, amma takalmin da ke ƙafar yawancinmu shigo da shi aka yi. Ana noman auduga a Funtuwa da Malumfashi da Gusau, amma idan ka zaga Kantin Kwari, mafi yawan atamfa da yadin da za ka ɗaga daga Caina suka zo. Sannan a cikin kayan masana'antun da Najeriya ke fitarwa da yawa a 'yan shekarun nan akwai takin yuriya, wanda injuna ne ke yin kusan dukkan aikinsa, alhali babu abin da ya fi yawa a ƙasar nan kamar matasa masu neman aikin yi.

Waɗannan abubuwa uku nake fara ajiye wa ɗalibaina idan muka zo darasin cinikayyar ƙasa da ƙasa. Kafin zango ya ƙare sun ji ra'o'i daban-daban, kowanne da tasa amsar, kuma ba a rasa wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to wanne ne gaskiya a ciki?" Tambayar ba ta wasa ba ce, domin amsar da mahukunta suka ɗauka ita ce ke zama doka: a rufe iyaka ko a buɗe, a karya darajar naira ko a riƙe ta, a ba masaƙu rance ko a ƙyale su. Abin da nake gaya musu shi ne, kowane ra'i an gina shi ne don ya amsa wata tambaya da ta taso a wani wuri a wani zamani, kuma kafin ya iya amsa ta sai da ya kawar da kai daga wasu abubuwa. Mai ɗinkin hula kanka kawai yake aunawa. Bai ce ba ka da ƙafa ba, amma awonsa ba zai yi maka takalmi ba.

David Ricardo, a 1817, tambayarsa ita ce: ƙasar da aka fi ta iya komai, tana da abin sayarwa kuwa? Ya kawo misali da Ingila da Fotugal. A Ingila sai mutum 100 sun yi aikin shekara kafin a samu wani adadi na yadi, mutum 120 kuma kafin a samu wani adadi na giyar inabi. A Fotugal mutum 90 sun isa yin yadin, mutum 80 sun isa yin giyar. Fotugal ta fi Ingila a duka biyun ke nan, amma ratar ta fi faɗi a wajen giya. Saboda haka idan Fotugal ta tsaya a kan giya, Ingila ta tsaya a kan yadi, suka yi musaya, kowa ya ci riba. Hujja ce mai ƙarfi, kuma har gobe babu wanda ya rushe ta. Idan ka kawo ta Kano za ta ce maka ratar da ke tsakaninmu da Italiya a wajen jima ba ta kai ratar da ke tsakaninmu a wajen ɗinkin takalmi ba, shi ya sa fata ke tafiya takalmi ke dawowa. Abin da ba za ta gaya maka ba shi ne daga ina ratar ta fito. Ricardo ya ɗauki gwanintar kowace ƙasa a matsayin abin da aka tarar, ya ɗora lissafinsa a kai.

Mu kuwa mun san gwaninta ba ta zama wuri ɗaya. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini. Tufafin Kano suna kaiwa Tambutu, suna kaiwa Tarabulus. Turkuɗin Kura shi Buzaye ke naɗawa. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi tana ƙetare Sahara ta shiga Turai, inda ake kiran ta fatar Maroko saboda ta can ta biyo. Garin da ya shahara da sayar da tufa shi ne yau ya shahara da sayen tufa.

Masana biyu 'yan Suwidin, Eli Heckscher a 1919 da ɗalibinsa Bertil Ohlin a 1933, su suka yi ƙoƙarin cike wannan giɓi. Suka ce ƙasa tana fitar da kayan da ke cin abin da take da shi da yawa. Mai tarin jari ta fitar da kayan da injuna ke yi, mai tarin ma'aikata ta fitar da kayan da hannu ke yi. Magana ce da hankali ke karɓa nan take, har sai da Wassily Leontief ya gwada ta da alƙaluman Amurka na 1947, ya fitar da sakamakon a 1953. Amurka a lokacin ta fi kowace ƙasa jari, amma ya tarar kayan da take fitarwa sun fi cin aikin hannu, waɗanda take shigowa da irinsu kuma sun fi cin jari. Shi kansa ya yi ƙoƙarin sasanta abin da cewa ma'aikacin Amurka ɗaya daidai yake da uku na waje. Waɗanda suka biyo bayansa suka ce a daina ƙirga ma'aikata da kai, a raba mai ilimin sana'a da marar shi, a kuma ƙara albarkatun ƙasa a lissafi.

Takin yuriyarmu irin wannan ɗaurin kai ne. Idan jari da ma'aikata kawai ka ƙirga, Najeriya riguna da takalma ya kamata ta riƙa fitarwa, ba takin da ake yi a Eleme kusa da Fatakwal da kuma masana'antar Dangote ta Lekki da aka buɗe a 2022, ana lodinsa zuwa Birazil da sauransu ba. Da zarar ka ƙara iskar gas a matsayin abu na uku, sai lissafin ya daidaita, tunda daga iskar gas ake yin yuriya, kuma muna da ita. Sai dai a nan nake jan kunnen ɗalibai. Duk lokacin da ra'i ya faɗi, aka ƙara masa wani abu don a tashe shi, ƙarfinsa na faɗar abin da zai faru gobe yana raguwa. Kuma akwai abubuwan da ba gadonsu ƙasa take yi ba, yin su take yi. Wutar lantarki tana cikinsu. Matashi mai neman aiki ba ya zama ma'aikaci mai araha sai keken ɗinkin da ke gabansa yana juyawa daga safe har yamma.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai aka lura da wani abu da ya fi wannan rikitarwa. Kaso mai yawa na cinikin kayan masana'antu yana gudana ne tsakanin ƙasashen da suka yi kama da juna. Jamus ta sayar wa Faransa motoci, Faransa ta sayar wa Jamus motoci. Babu bambancin jari ko na ma'aikata da zai bayyana wannan. Paul Krugman, a 1979 da 1980, ya rubuta lissafin da ya bayyana shi, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2008. Abu biyu ya jingina da su: masana'anta tana ƙara girma kuɗin yin kowane kaya ɗaya yana raguwa, sannan masu saye suna son zaɓi. Don haka kowane kamfani ya tsaya a kan nasa samfurin, ya yi shi da yawa, ya sayar wa duniya. Abin da ke ƙarƙashin wannan magana yana da nauyi a gare mu. Wanda ya riga ka farawa ya riga ka arha, ko da a asali ba abin da ya fi ka. A yankin Marche na Italiya, ko a Wenzhou da Dongguan na Caina, mai yin takalmi yana da mai yi masa ƙasan takalmi da mai zare da mai gam da mai gyaran inji duk a kusa da shi. Mai yin takalmi a Kano, ko ma a Ariaria ta Aba inda sana'ar ta fi taruwa, da yawa daga cikin waɗannan sai ya jira kwantena.

Wannan ra'i ya kuma ce ƙasar da ke da babbar kasuwa a gida takan zama mai sayar wa maƙwabta. Akwai wani lissafin da Jan Tinbergen ya fito da shi a 1962 da ke cewa ciniki tsakanin ƙasashe biyu yana ƙaruwa da girman arzikinsu, yana raguwa da nisan da ke tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar manyan motoci a Kano ya ga gaskiyar wannan da idonsa. Buta da bokiti da silifas da tabarmar roba da katifa da sabulu, an ɗaure su sun yi tsiri a kan mota, za su Maraɗi da Damagaram da Njamena da Marwa. Yawancinsu aikin masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa na Kano ne. Kayan masana'antu ne, kuma fita waje suke yi, amma da yawansu ba sa shiga littafin kowa. Masanin da ke zaune da kwamfuta yana gwada ra'insa da alƙaluman hukuma, wannan ciniki duk bai gan shi ba.

Ko abin da ake kira kayan masana'antu ma, sai an yi yarjejeniya a kansa. A rabe-raben da Bankin Duniya ke amfani da su, ɗanyar fata ba ta ciki, jemammiya tana ciki. Taki yana ciki, tataccen man fetur ba ya ciki, abincin da aka sarrafa shi ma ba ya ciki. Mutum biyu za su iya yin gardama a kan ko masana'antun Najeriya suna fitar da kaya, alhali ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba.

Ni a Kakuri na tashi, kuma a ɗaya daga cikin masaƙun Kaduna mahaifina ya yi aiki. An fara su ne da masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, a 1957, sauran suka biyo baya, har unguwar ta zama da jiniyar masaƙa ake sanin lokaci. Ina tuna kekuna jere a bakin ƙofa lokacin canjin aiki, da farin gashin auduga da ke maƙale a hular Baba idan ya dawo. Bayan an rufe tasu masaƙar, shi da abokan aikinsa sukan zauna a ƙofar gida bayan la'asar, kuma kusan kullum maganar ɗaya ce. Wani ya ce fasa-ƙwauri ne ya kashe su, yadin da ake saukewa a Kwatano a biyo da shi ta Nijar. Wani ya ce wuta ce da tsadar baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi. Baba shi a kan injuna yake tsayawa. Yakan ce, "Injin da na tarar shi na bari, ku kuna maganar Caina." Daga baya, a aji, na tarar kowane ɗayansu yana da masanin da ke bayansa.

Akwai ma bayani na huɗu da ba su cika kawowa ba. An gano iskar gas a Groningen ta ƙasar Holan a 1959, kuma a 1977 aka laƙaba wa abin da ya biyo baya suna cutar Holan: kuɗin ma'adini ya kwararo, darajar kuɗin ƙasa ta tashi, kayan waje su yi arha, na gida su yi tsadar da ba mai saye a waje. A 1980 naira ta fi dala daraja. Wanda ya riƙe wannan ra'i zai ce magani shi ne a karya darajar kuɗi. An karya a 1986 ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, an sake sakin naira a 2023. Amma masaƙar da ke sayo sinadarin rini da kayan gyaran inji da dala, faɗuwar naira ta sauƙaƙa mata sayarwa ta kuma tsananta mata saye a lokaci guda. Ra'in ya yi daidai a kan cutar, bai lissafa cewa masana'antarmu rabin cikinta daga waje yake zuwa ba.

Me ya sa ba za a gwada a raba gardama ba? Saboda ba a iya tsayar da ƙasa a canza abu ɗaya a bar sauran. Caina ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001. Tsarin kason tufafi da ya taƙaita abin da kowace ƙasa za ta sayar wa Turai da Amurka tun 1974 ya ƙare a farkon 2005. A cikin waɗannan shekarun ne wuta ta ƙara taɓarɓarewa, injuna suka ƙara tsufa, noman auduga ya ja baya, manyan masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya zana dalilinsa a gefe ɗaya, rufe masaƙu a ɗaya gefen, zai ga layukan suna tafiya tare.

Ra'in da ya fi kusa da abin da nake gani da ido shi ne wanda ya sauko daga kan ƙasa zuwa kan kamfani. A shekarun 1990 Andrew Bernard da Bradford Jensen suka duba bayanan masana'antun Amurka ɗaya bayan ɗaya, suka tarar kaɗan ne ke fitar da kaya, kuma su ne manya, masu ƙwazo, masu biyan albashi mafi kyau. Marc Melitz ya gina ra'i a kan wannan a 2003: shiga kasuwar waje tana da kuɗin ƙofa da za ka biya tun kafin ka sayar da komai, kuma sai mai ƙarfi ke iya biya.

Kawuna fataucin fata yake yi, yana saye a ƙauyuka yana kai wa majemu. Idan ka zauna kusa da shi ranar zaɓe za ka gane kuɗin ƙofar nan. Yakan ɗaga fata ya duba ta a hasken rana, ya shafa bayanta da tafin hannu. Wannan wuƙar mai fiɗa ta huda ta, waccan ƙazuwa ta ɓata ta, wata kuma gishiri bai ratsa ta ba har ta fara wari. Sai ya ware su kashi-kashi. Na taɓa ce masa, "Kawu, wannan ai ƙaramin tabo ne." Ya ce, "Ɗana, a nan ƙarami ne. Wanda zai yi jaka da ita a can, tabon nan shi ne tsakiyar jakar." Mai saye a Italiya yana son launi ɗaya da kauri ɗaya daga fatar farko har ta ƙarshe, yana son takardar gwajin sinadari, yana son kaya su iso ranar da aka yi alkawari, bayan tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Ga rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya, ga fom ɗin fitar da kaya na NXP a banki. Babbar majema tana da ma'aikacin da wannan ne kawai aikinsa. Mai ɗinkin takalmi da yara biyar a shago, ko da hannunsa ya fi na kowa kyau, ba shi da ta inda zai fara.

To ta yaya ake samun kamfanin farko da zai haye? A nan labarin Bangaladash yake da amfani. Ƙasar ba ta da audugar kirki, shigo da ita take yi, amma tufafi sun haura kashi 80 cikin 100 na abin da take fitarwa. A 1979 kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu, wanda kason tufafi ya takura wa ƙasarsa, ya ƙulla yarjejeniya da wani sabon kamfani mai suna Desh. Aka kwashi ma'aikata 130 zuwa Koriya suka koyi aiki: yanka, ɗinki a jere, duba inganci, mu'amala da mai saye. Cikin 'yan shekaru mafi yawansu suka bar Desh suka buɗe nasu. Mabiyin Heckscher da Ohlin zai ce arhar ma'aikata ce, kuma bai yi ƙarya ba. Amma ma'aikatan suna da arha tun kafin 1979, kuma akwai ƙasashe da dama masu irin wannan arha da ba su zama komai a tufafi ba. Ricardo Hausmann da Dani Rodrik, a 2003, suka ce ƙasa ba ta sanin abin da za ta iya yi da arha sai wani ya gwada. Idan ya faɗi asararsa ce shi kaɗai, idan ya yi nasara kowa ya kwaikwaya, shi ya sa masu gwadawa ke ƙaranci.

Koriyar kanta har yau ana ja-in-ja a kanta. Ba ta da tama ko kwal ɗin narka ƙarfe na a zo a gani, Bankin Duniya bai goyi bayan ta gina masana'antar ƙarfe ba, amma ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO a 1968, ta fara narka ƙarfe a 1973. Rahoton bankin na 1993 ya fi jingina nasarar ƙasashen gabashin Asiya da ilimi da tanadi da daidaiton tattalin arziki. Alice Amsden da Robert Wade suka ce hannun gwamnati ne ya zaɓi masana'antu ya tura su. Mu ma mun zaɓi ƙarfe, aka fara Ajakuta a 1979, ga shi har yau ba ta tsaya da ƙafarta ba, don haka zaɓe kaɗai bai isa bayani ba. Abin da na ɗauka daga Koriya shi ne sharaɗin da ta gindaya. Shugaban ƙasar na lokacin, Park Chung-hee, ya riƙa zama taron fitar da kaya duk wata, kamfanin da ya cika alkawarin sayarwa a waje ya samu rance mai sauƙi, wanda ya kasa a janye masa. Mu mun sha hana shigo da yadi, mun rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, amma ban ga inda aka ce wa mai masana'anta kariyar nan sai ka nuna abin da ka sayar a waje ba. Kariyar da ba ta da sharaɗi takan ƙare a aljihun ɗan fasa-ƙwauri, mai saye kuma ya biya tsada.

Akwai gwaji guda da ke tafe wanda nake sa wa ido. An ƙaddamar da aikin bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano a 2020, mai tsawon kilomita 614. Idan iskar ta iso Challawa da Sharaɗa, wuta ta zauna, kuɗin janareta ya sauka, za a samu abin da ba kasafai ake samu ba: abu ɗaya babba ya canza a wuri ɗaya. Masu cewa tsadar aiki ce kawai matsalarmu suna sa ran takalmi da tufa su fara fita cikin 'yan shekaru. Ni abin da nake sa rai shi ne manyan majemu da kamfanonin roba, waɗanda suka riga suka san masu sayensu, su faɗaɗa nan da nan, takalmi kuwa ya jira har sai an samu wanda zai kawo mai saye na farko, ya koya wa mutane aikin jere da duba inganci, kamar yadda Daewoo ya yi wa Desh. Na ce wa ɗalibai su fara rubuta adadin masana'antun da ke aiki a Challawa tun yanzu, da abin da kowacce ke yi da inda take kai shi, don a samu abin gwadawa idan lokacin ya zo.